Yara Uku, Aiki Uku: Koya wa Yaro Mai Galahanga Zama da 'Yan'uwansa

A makarantun firamare da yawa na Kaduna, daga Tudun Wada har Rigasa, aji kan cika maƙil. A irin wannan cunkoso, yaro mai galahanga, wato otizim, ko mai yawan kiriniya da rashin natsuwa, ko dai ya maƙale a lungu ko a dinga kiransa mai taurin kai. A ce masa "je ka yi wasa da 'yan'uwanka" ba ya tsinana komai, domin yadda ake shiga wasan ne bai sani ba. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin rukuni da aka tsara yadda aiki ba zai kammalu ba sai kowane yaro ya nemi wani abu a wurin ɗan'uwansa.

Wani masani a Amurka, Daniel LeGoff, ya wallafa irin wannan tsari a 2004 da tubalan LEGO, wato ƙananan tubalan roba na wasan yara da ake harhaɗawa. Yara uku ne, kowa da aikinsa. Injiniya shi kaɗai ke ganin hoton abin da za a gina, mai kaya ke riƙe da kayan, magini kuma ke harhaɗawa. LEGO na da tsada, kuma ba a cikinsa sirrin yake ba. Murafun kwalaben lemo guda 20 masu kala huɗu, da tsinken ashana da aka cire wa kai, da faifan kwali sun wadatar. Malama ta zana mota ko gida a takarda, ta miƙa wa injiniya. Dokar guda ce: ba mai taɓa aikin wani. Injiniya ya ce "Ba shi ja guda biyu," mai kaya ya zaɓo ya miƙa, magini ya tambaya "A ina zan sa?" A nan ake koyon jira da sauraro da roƙo, ba tare da an yi wa yaro wa'azi ba.

Minti 30 sun isa, sau biyu a mako, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya: minti 5 na gaisuwa, 20 na gini, 5 na tattara kaya. A riƙa sauya ayyukan, kada wani ya dawwama a injiniya. A zana jerin matakan a kati a manna inda za su gani, saboda yawancin waɗannan yara hankalinsu ya fi kwanciya idan sun san abin da ke tafe.

Gaisuwarmu doguwa ce, don haka a karkasa ta. A fara da sallama da amsawa, sai "Ina kwana?", sai daga baya "An tashi lafiya?" Kada a tilasta wa yaro ya kalli idon mutum. Abin na takura wa da yawa daga cikinsu, kuma dama a tarbiyyarmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Ya juyo da jikinsa wajen mai magana, ya wadatar. Yaron da ba ya magana a ba shi katunan kala ya riƙa nunawa.

Inda aka fi samun matsala shi ne zaɓen abokan rukuni. Malamai kan ɗauko yaron da ya fi kowa ƙoƙari, shi kuwa sai ya karɓe aikin duka don a gama da wuri. A nemi mai haƙuri. Ita ma malama takan yi saurin amsa wa yaro. Ta ƙirga goma a zuci bayan kowace tambaya, domin wasu sai sun ɗauki lokaci kafin maganar ta zauna musu. Idan rukuni ya kai biyar, jira kan yi tsawo har a fara ƙwace kaya.

Sai hayaniya. Ƙarar janareta, ko ruwan damina a kan rufin kwano, na iya sa yaro ya toshe kunne ya fashe da kuka. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma bulala ƙara dagula shi take yi. A tanadi tabarma a gefe da katin hutu da zai ɗaga, ya huta minti uku ya dawo.

Abin da yaro ya iya a kan tebur ba lallai ya fita da shi waje ba. Bayan makonni shida, a kai rukunin filin wasa a lokacin tara, a gwada carafke ko 'yar gala-gala, inda kowa ke jiran layinsa. A gaya wa iyaye jimlar da ake koyo a makon, su aike shi wurin mai shago tare da yayansa ya faɗe ta, a kuma sanar da malamin Islamiyya. Malama ta riƙa rubuta sau nawa yaron ya fara magana da kansa a kowane zama. Idan yana cutar da kansa, ko ya daina maganar da a da yake yi, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a duba shi.