Kafin a biya kamfani ya nema wa yaro gurbin tanis a jami'ar Amurka

Sana'armu ita ce shirya wa matasa 'yan wasan tanis takardu da bidiyo, mu haɗa su da masu horarwa na jami'o'in Amurka. Da ita muke ci, amma duk uban da ya tambaye mu ko dole ne sai ya biya irinmu, a'a muke ce masa. Adireshin imel na kusan kowane koci yana shafin wasanni na jami'arsa, kyauta, kuma koci ya fi son saƙon da ya fito daga hannun yaron. Abin da ake biya a wurinmu shi ne idon da ya san nauyin ɗan wasa da hannun da ya san takardu. Gurbi kuwa wasan yaro ne ke samo shi.

Da awo muke farawa. Kafin koci ya karanta sunan yaro, makinsa na UTR yake dubawa, ma'aunin da ya tashi daga 1 zuwa 16.5. Ana fitar da shi daga wasanni 30 na ƙarshe da aka buga cikin wata 12, kuma yawan gem ɗin da yaro ya ci ake lissafawa, tare da ƙarfin abokin karawa. Shi ya sa wanda ya sha kashi 6-4, 6-4 a hannun wanda ya fi shi nesa ba kusa ba yana iya ganin makinsa ya hau, wanda kuma yake ta lallasa ƙananan yara ya tsaya cik. A karawar jami'o'i mutum shida ke buga wasan ɗai-ɗai, a yi kuma wasan bibbiyu guda uku. Don haka sai mu buɗe jerin 'yan wasan kowace makaranta, mu duba makin na biyar da na shida, mu ƙirga masu kammala karatu a shekarar da yaronmu zai shiga. In bai kamo ƙafar na shida ba, ba ma ɓata wa kocin lokaci. Daga nan muke tsamo makarantu 40 zuwa 50, mu kasa su uku: na buri, na daidai ƙarfi, da waɗanda ƙofarsu ta fi faɗi.

Yaranmu na gida a nan suke tuntuɓe. Yaro zai yi suna a filayen Kano ko Kaduna, amma sakamakon gasannin da ya ci bai shiga kowane ma'auni na duniya ba, koci ya neme shi a intanet ya rasa. Maganin shi ne gasannin matasa na ITF, hukumar tanis ta duniya, a fara da ƙananan matakai, J30 da J60. Uban da kuɗinsa ba zai isa abu biyu ba, shawararmu ya kashe shi a kuɗin tafiya da masaukin gasa uku. Wannan ya fi kowace wasiƙa da za mu rubuta.

Maganar tallafin karatu ita ce inda aka fi yaudarar iyaye. Shekara da shekaru, ƙungiyar maza a rukuni na ɗaya na NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka mai rukuni uku, tallafi 4.5 kawai take da shi, ana gutsura shi tsakanin mutum takwas ko goma, ta mata kuma cikakku guda 8, albarkacin dokar daidaito ta Title IX ta 1972. A 2025 tsarin ya sauya ga makarantun da suka shiga sabuwar yarjejeniyar biyan 'yan wasa: an cire wancan ƙaidin, an kayyade 'yan wasa 10 a ƙungiya. Amma aljihun makaranta ne ke yanke hukunci, kuma namiji har yanzu kaso ya fi samu. Rukuni na uku da jami'o'in Ivy League, irin su Harvard da Yale, ba sa ba da tallafin wasa sam, sai na buƙata, wasu na rukuni na uku kuma su ƙara da na ƙwazon karatu. Akwai NAIA, wata hukumar wasanni ta ƙananan jami'o'i, akwai kwalejojin shekara biyu da ke ƙarƙashin hukumar NJCAA, kuma ga yaron da makinsa bai nuna ba, sau da yawa nan ce hanya mafi alheri.

Sojan gona sun cika wannan sana'a, abin yana ci mana rai. Mutum bai taɓa riƙe raket ba, zai yi rantsuwa cewa cikakken tallafi tabbas ne, ya karɓi kafin alƙalami, ya watsa wasiƙa iri ɗaya ga ɗaruruwan kociyoyi. Koci na ganinta yake gogewa, sunan yaron kuma ya zube tare da ita. Wasu ma kamasho suke nema daga tallafin da aka samu, alhali dokar NCAA ta hana a ɗora ladan kamfani a kan samun tallafi. Wannan ne dalilin da ba ma karɓar tayin iyaye masu cewa "in ya samu sai mu biya". Ba rowa ba ce, cancantar ɗansu muke karewa.

Bidiyo aikin haƙuri ne. A kafa kyamara a bayan fili, a tsakiya, a ɗaga ta sama da tsayin mutum yadda layin can ƙarshe zai fito. Kada a riƙe waya a hannu, kada a sa kiɗa. Minti biyu na bugun dama da na hagu da sabis da karɓar sabis sun isa. Sauran a ba wa wasa na gaske da abokin karawa mai ƙarfi, a bar kurakurai a ciki. Koci yana son ganin ƙafafun yaro, da sabis ɗinsa na biyu idan an matsa masa, da fuskarsa bayan ya zubar da maki. Bidiyon da kowane bugu ya shiga ba ya gamsar da kowa.

Sai lokaci. Kocin rukuni na ɗaya ba ya da izinin amsa wa yaro sai 15 ga Yuni bayan aji na 10, kusan ƙarshen SS1 ke nan, don haka shirunsa kafin nan ba ƙi ba ne. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta a wannan rukuni kuma ita ce yaro ya shiga jami'a cikin wata shida bayan gama sakandare. Wanda ya zarce yana buga gasa, sai a fara zaftare masa shekarun wasa. Iyalai da yawa ba sa jin wannan sai yaro ya shekara biyu a gida.

Takardu su ne inda kuɗin da aka ba mu yake halatta. Rajista da cibiyar tantance cancanta ta NCAA, darussa 16 na asali, matsakaicin makin karatu 2.3 bisa 4 a rukuni na ɗaya, sakamakon makaranta tun daga JSS3 har SS3, da na WAEC. NCAA ta daina neman SAT, jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, tun 2023, amma wasu jami'o'in suna nema. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke fasfo da na WAEC, Muhammad a nan, Mohammed a can, sai fayil ya kwanta makonni. Bayan an sami gurbi ga takardar I-20 da jami'a ke bayarwa don neman biza, da dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje, da shaidar banki ta ragowar kuɗin. Dokokin biza kuwa suna juyawa, don haka tun kafin a biya mu sisi muke sa iyaye su duba matsayin fasfon ƙasarsu a ofishin jakadancin Amurka.

Duk kamfanin da za ku ba kuɗi, har da mu, ku sa ya rubuta muku farashi guda da jerin ayyukan da zai yi. Ku tambaye shi makarantu nawa ya cire daga jerin ɗanku, kuma saboda me. Imel ɗin da za a yi amfani da shi ya zama na yaron, kalmar sirri tana hannunsa, ya ga kowace amsa da idonsa.