Dajin Kuros Riba da gwaggon birinsa

Wai mutane in an ce daji sai su ɗauka irin namu ne na Arewa, ƙirya da kalgo nan da can. Ina! Dajin Kuros Riba wani abu ne daban, bishiyoyi sun haɗe sama har rana ba ta kai ƙasa sosai, ga ruwa kusan kullum. A 1991 gwamnati ta mai da shi gandun daji na ƙasa, ɓangaren Oban da na Okwangwo.

A can ne gwaggon birin Kuros Riba, wato gorila, yake, tsakanin Najeriya da Kamaru, kuma duka-duka ba su wuce wajen 300 ba a duniya. A 2020 kyamarorin da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ɗaura a tsaunukan Mbe da ke kusa da gandun suka ɗauko su da 'ya'yansu a goye, wallahi hoton ya burge ni.

Matsalar ita ce ƙasar irin wannan daji ba ta da ƙarfi, abincinta yana cikin ganyen da ke ruɓewa ne, da an sare an yi gonar koko ko an kwashe katako sai ruwa ya wanke komai, shekara kaɗan gonar ma ta gaji a matsa gaba a sake sara.