Alhamis, tsakanin kalangu da lasifika

Ruwan asuba ya kwantar da ƙura, shagonmu na gyara kuma babu aiki tunda kayan da Kawu ya aika a sayo daga Kano ba su iso ba. Sai muka ja ƙofa, ni da Auta, muka shiga cikin birnin Katsina a ƙafa.

Hasumiyar Gobarau tukuna. Ruwa ya jiƙa jikinta ta yi duhu, yaran unguwa na ta guje-guje a gindinta. Daga nan tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi. Ba mu daɗe ba, Auta yunwa yake ji. Fura da nono a bakin hanya, an dama da kauri yadda ya kamata. Azahar a masallacin da ya fi kusa. Ɗan barci a kan benci a rumfar Yaya.

La'asar sakaliya muka ɓullo ta filin Kangiwa, muka tarar masu bushe-bushe sun tsaya wajen Ƙofar Soro ta fadar Sarki, daren Juma'a ya kawo jiki. Kakaki biyu, algaita, ganguna. Babu waya ko ɗaya, babu janareta, amma daga ƙarshen fili kana jin kowane abu daban. Mai son jin wannan kiɗa kada ya tsaya saitin bakin kakaki, ƙara ce kawai za ta cika masa kunne. A koma gefe, taku ashirin zuwa talatin, a bar ginin a bayan makaɗa, shi zai turo maka sautin a haɗe. Na nuna wa Auta kumatun mai algaita: yana tara iska a baki, yana matso ta da kumatu, a daidai lokacin yana jan wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Ya gwada da tsinken shan lemo, ya shaƙe. Mun sha dariya.

Da mun wuce gida daga nan, da yau ba ni da abin rubutawa.

Bayan isha'i muka ji kalangu daga wani lungu, muka bi. Biki ne, an tare hanya da bencina, an jera kujerun roba, mata a gefe guda sun sha anko. Makaɗa biyar: kalangu biyu, ɗan karɓi, kuntuku, da mawaƙi da 'yan amshinsa a baya. Babbansu dattijo ne, gemu fari fat. Kafin a fara na ga ya ɗauki kalangunsa ya nufi wajen mai tsire. Na san abin da ya kai shi. Ranar da aka yi ruwa fata tana shan danshi ta saki, ka buga ka ji ta yi lis, ko ka matse tsirkiya a hammata muryar ba ta hawa. Maganinta gashi. Ya riƙe shi kamar kamu ɗaya daga garwashi, yana juyawa, wannan fuska sannan waccan, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare. Minti biyu ko uku ya isa. In aka matsa kusa, ko aka bar fuska ɗaya ta daɗe, fatar za ta bushe ta yi ƙanƙas, bugu kaɗan ta tsage daga gefe. Da ya dawo ya ɗan taɓa shi da makaɗi, sai da tsigar jikina ta tashi. Ganga na magana sarai.

Sai mai kayan sauti ya kunna nasa.

Yaro ne matashi, da gani yana son aikinsa, amma duk abin da zai iya karkacewa ya karkace. Lasifika biyu ya ajiye a ƙasa, bayan mawaƙi. Duk abin da ya fito daga cikinsu sai ya koma makirfo ya sake zagayowa, shi ne wannan ihun mai tsinka kunne. Wurinsu gaban makirfo ne, a ɗaga su kan teburi ko ƙafa su wuce kan mutane, su fuskanci taro. A ƙasa, layin farko ne ke shan ƙara, jikinsu ya tare wa na baya. Janareta ƙarami, yana nan taku biyar daga makaɗa, da siririyar waya a naɗe. Duk sanda aka buga da ƙarfi sai ƙwan fitila ya yi ƙasa, alamar wuta ba ta isar amfilifaya, sautin ya riƙa fashewa. Ana kai janareta bayan katanga ne, ta inda iska za ta kwashe hayaƙi da ƙugi, a ja waya mai kauri, a warware ta duka don kada ta yi zafi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya yi da kalangun Baba. Ya cusa makirfo dab da fuskar da ake bugu, ya ƙure bes, ya buɗe eko. A nan makirfo ƙwas-ƙwas ɗin makaɗi yake ɗauka, ba muryar ganga ba. Ita kuwa muryar a hawa da sauka take: a matsa tsirkiya ta yi sama, a saki ta yi ƙasa, tana bin karin harshe har mai ji ya gane take. In ka sa mata eko, bugun farko bai gama dawowa ba na biyu ya hau kansa, maganar ta cakuɗe. Ga shi lungun da kansa yana da nasa eko. Sauti na tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, don haka katangar da ke mita 17 daga makaɗi tana maido da bugu cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. An ƙara wa miya gishiri bayan ta ji.

Na matsa kusa da shi na yi sallama.

"Ɗan'uwa, sannu da aiki. Da za ka rage wa gangar Baba eko, ka janye makirfon kamar taƙi ɗaya ka karkata shi gefe."

Ya dube ni, ba da raini ba. "Yallaɓai, in na rage, uwar biki za ta ce kayana ba su da ƙarfi. Jiya ma sai da aka rage mini kuɗi."

"To bar wa mawaƙi ekonsa. Gangar kaɗai."

"Layi ɗaya suke. Mikisar tawa, akwatin haɗa sautin nan, layuka biyu sun mutu."

Nan bakina ya mutu. Da gaskiyarsa, kuma gyaran ba na tsakiyar biki ba ne.

Can Baba ya juya wajen dangin ango, mahauta ne ashe, ya saki takensu. Na gane shi ne don ina kusa, ina jin gangar da kunnena kafin ta shiga waya. A wancan ɓangaren babu wanda ya motsa. A ƙa'ida nan ne dattijo zai miƙe, a yi guɗa, a zo a yi liƙi. Ya maimaita, sanƙira ya taya shi da baki, sai a lokacin wasu biyu suka taso, wato maganar sanƙira suka ji, ba ta ganga ba. Daga nan Baba bai ƙara ba. Ya koma bugun rawa zalla, wanda ko yaronsa zai iya, 'yan mata suka cika fili, kowa na murna. Biki ya yi kyau, haka za a ce gobe.

Da aka tsaya shan ruwa na je na gaishe shi.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Na ji taken."

"Kai ɗaya?" Ya yi dariya yana goge zufa. "Ɗana, in an ji mu buga, in ba a ji ba mu buga. Allah dai ya ba su zaman lafiya."

Dariyar ce ta fi damuna. Duk hanyar gida ina lissafi: yaran da ke wurin nan, in shekara goma suka yi suna jin kalangu ta irin wannan lasifika, me zai sa su san yana faɗin wani abu? Auta ma da na tambaye shi me ya fi burge shi yau, cewa ya yi tsire.

Keke ya ƙi shiga unguwarmu saboda taɓo, muka ƙarasa a ƙafa. Yaron nan mai kayan sauti ya ce zai kawo mikisar shago ranar Asabar da safe, yana da wani bikin da yamma. In ƙura ce ta kashe layukan, wanki ne kawai da ɗan dalma. Kawu, in ka karanta wannan, a cikin saƙon Kano a haɗo da gajeriyar ƙafar makirfo guda biyu.