Kwalin takalmin makwabcina da katunan 'yan besbol da aka manta

Gaskiya ba son wasan besbol ne ya kai ni tara katunan nan masu hoton 'yan wasa a gaba da bayaninsu a baya ba, kuɗi na je nema. A watan Agustan 2022 ina cikin mota ina aikin kai saƙo a nan Cleveland na ji a rediyo wai an sayar da katin Mickey Mantle, wani shahararren ɗan besbol, na kamfanin Topps na 1952 a gwanjo dala miliyan 12.6, ɗan kwali guda ɗaya fa da bai cika tafin hannu ba, kuma a watan dai aka sayar da na Honus Wagner, wanda a da cikin kwalin taba sigari ake saka shi wajen 1909, dala miliyan 7.25. Na ce a raina ai ni kullum ina wuce gwanjon ƙofar gida da Amurkawa ke yi ranar Asabar, kuma ina ganin katunan nan zube a katan.

Asabar ɗin farko na sayi katan uku dala 120, dubban kati, na 1988 zuwa 1991. Na kwasa na kai wani shagon kati, mai shagon ya ɗan bubbuɗa ya ce mun ɗan'uwa ka yi haƙuri, waɗannan ko kyauta ka ba ni ban da wurin ajiyewa. Ashe shekarun nan ne kamfanoni suka yi ta buga kati ba ƙaƙƙautawa saboda kowa ya ɗauka jari ne, kowa ya saya ya adana da kyau, to abun da ke gidan kowa wa zai saya? Tsoffin na shekarun 1950 abun da ya sa suke tsada shi ne yara ne suka yi wasa da su, da cingam ake sayar da su, a saƙala a tayar keke don ta yi ƙara, in yaro ya girma uwa ta share ɗaki ta zubar.

Na biyu ya fi mun ciwo. Na karanta labarin katin Andy Pafko, shi ne lamba 1 a jerin kati 407 na Topps 1952, kuma da yake yara kan jera su bisa lamba su ɗaure da roba, shi ne kullum a sama, roba ta ci gefensa, shi ya sa mai kyau ke wuyar samu. Sai na ga wani ya saka shi a intanet dala 200, hoto ya nuna ya ɗan tsufa daidai misali, na tura kuɗi ban tambayi kowa ba. Jabu ne. Mai shagon nan ne ya nuna mun da ɗan gilashin masu gyaran agogo, ya ce duba baƙin rubutun, a na asali baƙin a cike yake sumul, a nawa kuwa ɗigo-ɗigo ne irin na firintar gida, kusurwa huɗun duk sun goge iri ɗaya sai ka ce da gangan aka murje su, kuma da gangan ɗin ne, har jiƙa shi ake da ruwan shayi don ya yi kalar tsufa. Mai sayarwar ya ɓace. Tun ranar gilashin nan ba ya barin aljihuna, kuma duk katin da ya wuce dala 50 in ba a hannu na riƙe shi ba, ko wanda kamfanin tantancewa irin su PSA ko SGC suka rufe a roba da makin ingancinsa, ba na saya.

Saura kaɗan in watsar da abun gaba ɗaya sai Allah ya haɗa ni da makwabcina, wani dattijo baƙar fata, tsohon direban bas, ya haura 75, Baba nake ce masa kuma har ya saba yana amsawa. Ya gan ni a baranda ina jera katunan banzan nan, ya shiga gida ya fito da kwalin takalmi. Nasa ne tun yana yaro, na 1959 zuwa 1965, duk sun sha hannu, wasu da tabon cingam a baya. Ni ina ta lalube ina neman taurari irin su Mantle ko Willie Mays, sai ya zaro wani ya miƙo mun ya ce, "Yaro, ka san wannan?" Na ce a'a Baba. Ya ce to juya bayansa ka karanta, ka bar kallon fuska.

Pumpsie Green ne, katin 1960. Kowa ya san Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers a 1947 ya karya shingen da ya hana baƙar fata buga babban lig, wato gasar besbol mafi girma a Amurka, mutanen Cleveland sun san Larry Doby da ya biyo shi bayan sati 11, amma Boston Red Sox sai da suka yi shekara 12 suna jan ƙafa, su ne na ƙarshe da suka ɗauki baƙar fata, kuma Green ne mutumin, ranar 21 ga Yulin 1959. Ba tauraro ba ne, kaka biyar ya yi a babban lig, hom ron (bugun da ke ba mutum damar zagaye fili gaba ɗaya ya ci maki) 13 kacal, ya ƙare a New York Mets a 1963. Daga nan ya koma California ya yi sama da shekara 20 yana aiki a makarantar sakandare ta Berkeley, yana koyar da wasan yana bin sawun yaran da ke gudun makaranta, ya rasu a 2019 yana da shekara 85. Baba ya ce mun shi duk taurarin nan bai damu da su ba, wannan ne yake tunawa, mutumin da aka ɗora wa nauyin da bai nema ba alhali shi wasa kawai ya zo yi. Wallahi daren nan ban yi barci da wuri ba, ina ta neman labarin sauran da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai Harry Chiti, mai tare ƙwallo a bayan mai bugu. A watan Afrilun 1962 Cleveland ta ba Mets shi a kan za a biya ta da wani ɗan wasa daga baya, ya buga wasa 15, a watan Yuni sai Mets suka mayar da shi a matsayin biyan, wato da kansa aka biya kuɗinsa. Mutane dariya suke in an ba da labarin, ni kam tausayi ya ba ni, domin bai sake buga babban lig ba bayan nan.

Wanda ya fi tsaya mun a rai shi ne Ken Hubbs na Chicago Cubs. A 1962 shi aka zaɓa gwarzon sabbin 'yan wasa na lig ɗinsu, ya yi wasa 78 a jere ba kuskure ko ɗaya. Tsoron jirgin sama yake, sai ya ce bari ya koyi tuƙin jirgin ko tsoron ya fita, ya samu lasisi, a watan Fabrairun 1964 ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗi cikin dusar ƙanƙara a jihar Utah, shi da abokinsa suka rasu, yana da shekara 22. Topps suka buga masa katin ta'aziyya a shekarar, lamba 550. Baba ya ce yana tuna ranar da ya buɗe ledar cingam ya ci karo da shi, bai taɓa sa masa roba ba, cikin littafi ya ɓoye shi, shi ya sa har yau ya fi sauran kyau.

Da na ci gaba da karatu ne na gane yawancin mutanen nan talakawa ne irinmu. Mafi ƙarancin albashi a 1967 dala 6,000 ne a shekara, in kaka ta ƙare sai su koma sayar da mota ko inshora ko aikin gini. Batun fansho kuma ya ɓata mun rai sosai. A da sai ka cika shekara huɗu kafin ka samu, a 1980 aka sauko da shi zuwa kwana 43, amma ba a waiwayi waɗanda suka riga suka bar wasa ba, sai a 2011 aka fara ba su ɗan wani abu da bai wuce dala 10,000 a shekara ba. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa layin fansho ya san abun da nake nufi. Har na kan ce da an yi wa 'yan ƙwallon ƙafa na Raccah Rovers ta Kano da suka ci lig ɗin Najeriya a 1978 irin katin nan, da yanzu ina da abun nuna wa yarana a kan mutanen da babana ke yawan ambata.

Wajen ajiya ma na sha darasi. Na bar wani kwali a ɗakin ƙasa lokacin zafi, laima ta shiga, kusan kati 40 suka lanƙwashe wasu har da fumfuna. Yanzu kowane kati sai na sa shi a 'yar leda mai laushi sannan cikin roba mai tauri, a saman wadrob, nesa da rana. Kai kati tantancewa kuma, inda ake duba kusurwa da gefe da fuska da daidaiton hoto a ba shi maki 1 zuwa 10, ba na yi wa katin dala 3, kuɗin aikin ya ninka kuɗin katin.

A watan Yulin 2024 aka yi babban taron masu tara kati na ƙasa a nan Cleveland, na ɗauki Baba muka je. Jama'a sun yi cincirindo wajen akwatunan gilashi masu katin miliyoyi, mu kuwa muka ja kujera gaban kwalayen dala ɗaya-ɗaya muka yi awa huɗu, shi yana zarowa yana ba ni labari ni ina rubutawa a waya. A nan ya gaya mun katin da ya daɗe yana so bai taɓa riƙewa ba, na Dan Bankhead, baƙar fata na farko da ya yi jifa, wato jefa wa mai bugu ƙwallo, a babban lig, Dodgers 1947, wanda ya buga hom ron a bugunsa na farko amma jifan bai karɓe shi ba, ya ƙarasa wasansa a Meziko. Katin kamfanin Bowman ne na 1951. Sau biyu ina samu, ɗaya an yanke gefensa da almakashi, ɗayan kuma kuɗin ya fi ƙarfina. Baba ƙafa ta fara hana shi fita yanzu, to ni nake zagawa, kuma akwai wani ɗan taro da za a yi Asabar mai zuwa, na riga na ware kuɗin a ambulan, in sha Allahu da sassafe zan tafi.