Wasiƙar da na kusa jefawa a shara

Jiya na tarar da wata wasiƙa a akwatina, na ɗauka talla ce har zan yar, ashe daga lauyoyi ce. Wai wasu tsofaffin abokan aikina a wani sito da na yi aiki nan Kalifoniya sun haɗu sun kai kamfanin ƙara a madadin mu duka, an sasanta, nima ina da kaso.

Wallahi sai na tuna layin nan da muke bi bayan an tashi aiki, a caje jakarka kafin ka fita, kullum mintuna suna tafiya ba a biya, mu kuma shiru tunda baƙo ba ya son rigima. Ashe tun 2020 kotun ƙolin Kalifoniya ta ce wannan jiran ma aiki ne, a shari'ar ma'aikatan Apple. Dokar tarayyar Amurka kan albashi da awannin aiki kuma tun 1938 take, yanzu in ka wuce awa 40 a sati kuɗin awa ɗaya da rabi ne.

Abin da ya dame ni, inda nake yanzu ranar farko suka sa na sa hannu cewa ba zan shiga ƙarar taron dangi irin wannan ba, sai dai sulhu ni kaɗai, kuma kotun ƙolin Amurka ta halatta musu haka a 2018. Ko karantawa ban yi ba lokacin.