Daga Göppingen zuwa Hamburg a Sawun Ƙananan Jiragen Ƙasa

Wurare biyu ne suka kai ni ƙasar Jamus, kuma dukansu suna da daraja a wajen duk wanda yake gina ƙananan layukan dogo da jiragen ƙasa na kwaikwayo masu tafiya da lantarki. Na farko shi ne garin Göppingen da ke kudu, mahaifar kamfanin Märklin mai ƙera irin waɗannan ƙananan jirage, na biyu kuwa birnin Hamburg ne da ke arewa, inda aka shimfiɗa layin dogon kwaikwayo mafi girma a duniya. Na daɗe ina wannan aiki, ina yanka katako, ina shimfiɗa dogo, ina liƙa tsakuwa, amma ban daina mamakin yadda wani shimfiɗin yake fitowa tamkar duniyar gaske da aka ƙanƙance ba, alhali wani, duk da tsadar kayan da aka zuba masa, ba ya wuce abin wasan yara.

Daga Stuttgart na hau jirgin da ke bin kwarin kogin Fils, kuma ba a ɗauki lokaci mai tsawo ba muka isa Göppingen. Gari ne na masana'antu wanda ba ya ɗaukar ido, sai dai sunansa yana rubuce a jikin kwalaye a gidaje da yawa na duniya. A nan ne Theodor Friedrich Wilhelm Märklin, wani maƙerin gwangwani, ya kafa sana'arsa a 1859, yana ƙera ƙananan tukwane da murhuna na wasan yara. Bayan rasuwarsa a 1866 matarsa Caroline ce ta riƙe sana'ar har 'ya'yanta suka girma suka karɓa. Gidan tarihin kamfanin, wanda ake kira Märklineum, yana gefen masana'antar, kuma a harabar akwai wani baƙin kan jirgi na gaske mai aiki da tururi, wanda ƙafafunsa kaɗai suke tuna wa mai shiga girman abin da ake ƙoƙarin kwaikwayo a ciki.

Abin da ya fi tsayar da ni a ɗakunan farko shi ne abin da kamfanin ya nuna a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. Kafin lokacin akwai jiragen gwangwani da ake ɗaure wa zare a ja, ko a murɗa musu makulli su zagaya, amma a shekarar ne aka fito da dogo mai guntaye masu faɗi iri ɗaya, miƙaƙƙu da lanƙwasassu da masu rabuwar hanya, waɗanda mutum zai iya harhaɗawa ya kuma ƙara wasu daga baya. A ganina daga nan ne wannan sha'awa ta samo tushe, domin da zarar an yarda a kan faɗin dogo, mai saye ya tashi daga mai kallo ya koma mai tsara hanya.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a yau shi ne H0, wanda Märklin ya fara fitar da irinsa a 1935, kuma ma'anarsa ita ce kashi ɗaya cikin 87 na girman gaske. Faɗin dogon da yawancin ƙasashen Turai suke amfani da shi milimita 1,435 ne, idan aka raba shi gida 87 sai a sami milimita 16.5, mutum mai matsakaicin tsayi kuma ya koma kimanin santimita biyu. Akwai ma'aunin N mai kashi ɗaya cikin 160 da dogo mai milimita 9, akwai kuma Z da kamfanin ya ƙirƙiro a 1972, mai kashi ɗaya cikin 220, wanda kan jirginsa yake zama a tafin hannu da sauran wuri. Mutanen Birtaniya sun bi tasu hanyar da ma'aunin OO, inda jikin jirgin yake kashi ɗaya cikin 76 amma yana tafiya a kan dogon H0.

Na daɗe a gaban kwatancin kan jirgin nan na Suwizalan da ake yi wa laƙabi da Kada, wanda aka ƙera na gaskensa tun wajen 1920 domin jan taragun kaya a hawan duwatsun Gotthard. Yana da dogayen hanci biyu, gaba da baya, waɗanda suke juyawa daban da tsakiyar jikinsa idan ya shiga kwana, kuma sandunan ƙarfen da suka haɗa ƙafafunsa suna hawa suna sauka a tare. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn ƙarfe mai santsi da yake goga kan ƙananan ƙusoshin da ke jere a tsakiyar dogo, domin ta nan jiragen Märklin suke shan wuta, saɓanin sauran kamfanoni da suke tura wutar ta ƙarafan dogon guda biyu. A jiragen zamani an ƙara wata 'yar na'ura da ake kira dikoda, wadda take ba kowane kan jirgi lambarsa, ta yadda jirage da yawa za su hau dogo ɗaya kowanne yana bin umarninsa na gudu da fitila da ƙara. Aikin ƙira ne da babu abin kushewa a cikinsa, amma na fito daga gidan tarihin ina jin cewa jirgin da ke sheƙi a cikin akwatin gilashi bai riga ya zama jirgin da ya yi tafiya ba.

Amsar da nake nema, wato abin da yake sa shimfiɗi ya yi kama da gaske, ta fara bayyana ne a cikin jirgin ƙasa mai gudu na ICE da ya ɗauke ni daga Stuttgart zuwa arewa, ta Mannheim da Frankfurt da Kassel da Hannover. Na zauna a gefen taga na ƙudurta cewa ba zan kalli tsaunuka da garuruwa ba, ƙasan hanyar zan kalla. Saman ƙarfen dogo ne kawai yake haske, wato inda ƙafar jirgi take gogawa, gefensa kuwa launin tsatsa ne mai duhu. Tsakuwar da ke ƙarƙashinsa ba toka-toka ba ce kamar yadda ake sayar da ita a leda; ta rine da ƙurar birki ta koma ruwan ƙasa, kuma a tashoshi, daidai inda kawunan jirage suke tsayawa, akwai baƙin tabon mai a tsakanin ƙarafan biyu. Taragun kayan da muka wuce babu biyu masu launi ɗaya, domin rana ta koɗe wani, an yi wa wani facin fenti a inda aka sake rubuta lamba, kuma ruwan sama ya ja datti daga rufi zuwa ƙasa a jikin kowannensu. Ciyawar gefen hanya ma kala-kala ce, kore da rawaya da busasshiya a cakuɗe, ta yi tsawo a gindin shinge ta kuma yi ƙaranci a inda ake takawa.

Tsakanin Fulda da Göttingen jirgin yana ta shiga ramukan cikin duwatsu yana fita, kuma wannan ya sa na yi lissafin wata matsala da duk mai gini ya sani. Kilomita ɗaya ta gaske tana buƙatar mita 11.5 a ma'aunin H0, wanda ya fi tsawon yawancin ɗakuna, matsattsiyar kwanar da aka saba sayarwa kuma, mai milimita 360 daga tsakiyar da'ira, daidai take da kimanin mita 31 a zahiri, kwanar da babu jirgin babbar hanya da zai iya shanta. Saboda haka gwanayen wannan aiki suke ɓoye matsattsun kwanoni a cikin dutse ko a bayan gini, su bar wa ido sassauƙan lanƙwasa kawai. Jirgin da ya ɓace a rami ya jima kafin ya fito ta wani wuri yana sa mai kallo ya yarda cewa ya yi nisa.

A Hamburg na nufi unguwar Speicherstadt, jerin manyan sito-sito na jan bulo da aka fara ginawa a 1883 a kan turakun katako a bakin magudanan ruwa, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. A cikin ɗaya daga cikin gine-ginen ne wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, tare da abokinsu Stephan Hertz suka buɗe Miniatur Wunderland, wato wurin layin dogon kwaikwayon nan mafi girma a duniya, a 2001. A yau tsawon dogon da ke ciki ya haura kilomita 16, jiragen kuma sun fi dubu, kuma saboda yawan baƙi ana kama lokacin shiga tun kafin a zo.

Da shigata fitilun ɗakin suka fara dusashewa, domin a wurin ana yin yini da dare a cikin kowane minti 15, sai tagogin gidaje da fitilun titi da na taragun fasinja suka kunna ɗaya bayan ɗaya, ba a lokaci guda ba. A garin Knuffingen, wanda babu shi a taswirar gaske, motoci suna tafiya da kansu a kan titi: kowace tana da ɗan maganaɗisu a gabanta da yake bin wayar ƙarfe da aka binne a ƙarƙashin kwalta, kwamfuta kuma tana tsayar da su a danja tana tura motocin kashe gobara idan hayaƙi ya tashi. Filin jirgin sama da aka buɗe a 2011 shi ne inda jama'a suka fi cunkoso, don jiragen suna gudu a kan titinsu su ɗaga su ɓace a cikin bango. Sashen Sikandinabiya yana da ruwan gaske kimanin lita 30,000 da jiragen ruwa suke yawo a kai, sashen Suwizalan kuwa sai da aka fasa daɓen bene kafin duwatsunsa su sami wurin tsayawa. Na ga waɗannan duka na yaba, amma ban daɗe a kansu ba.

Inda na daɗe shi ne wurin da ake gina sabon sashe a gaban baƙi. Wata ma'aikaciya tana dasa ciyawa a gefen wani tudu da aka sassaƙa daga soso mai tauri aka shafe shi da filasta. Ta fara shafa fenti ruwan ƙasa, ta barbaɗa rairayi mai laushi, sannan ta ɗiga gam a wurare daban-daban maimakon ta shafe tudun gaba ɗaya. Bayan haka ta ɗauki wata na'ura mai rariya a baki, wadda take ba zaren ciyawar cajin lantarki, ta girgiza ta a saman gam ɗin kamar mai tankaɗe, sai zaren ya sauka ya tsaya a tsaye maimakon ya kwanta. Ta yi zubin farko da gajeren zare mai duhu, ta dawo da dogo mai launin busasshiyar ciyawa a wasu wurare kaɗan, ta kuma bar ƙasa tsirara a inda ruwa zai bi idan an yi sama. Abin da na gani ta tagar jirgi shi ne take maimaitawa da hannunta, kuma na lura cewa hoton wani tudu na gaske yana jingine a gabanta, tana ɗaga kai ta dube shi kafin kowane zubi.

Haka ake yi wa tsakuwar dogo: a zuba ta a bushe, a daidaita ta da buroshi mai laushi har ta bar saman katakan da dogon yake kwance a kai, a jiƙa ta da feshin ruwa mai ɗigon sabulu don kada ta tarwatse, sannan a ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa. Taragu kuma ana tsufar da su da garin alli mai launi da fenti tsinkakke, ana ja daga sama zuwa ƙasa, hanyar da ruwan sama yake bi. Wasu masu tara jirage ba sa yarda a taɓa musu sabon kan jirgi da irin wannan datti, kuma na fahimci dalilinsu, amma ni ina ganin jirgin da ba shi da tabon aiki baƙo ne a cikin shimfiɗin da aka sa shi.

Ɗakin sarrafawa ma a buɗe yake ga ido, cike da allunan kwamfuta da ke nuna inda kowane jirgi yake. A nan ne mutum yake gane cewa dogo mai yawa yana ƙarƙashin duwatsun, a ɓoyayyun tashoshi inda jirage suke jiran layinsu, da hanyoyi masu murɗewa da suke hawa da su daga wani hawa zuwa wani a hankali, tun da ƙaramin kan jirgi ba ya son hawan da ya wuce santimita biyu ko uku a kowace mita. Babban abokin gabar wurin ƙura ce, domin ɗan datti a kan dogo ya isa ya yanke wuta ya tsayar da jirgi, shi ya sa gogewa ba ta ƙarewa.

Ta wata gada mai bangon gilashi da ta ratsa saman ruwa na tsallaka zuwa ginin da ke ɗauke da Amurka ta Kudu, ƙananan jirage suna tsallakawa a gefena a kan nasu dogon. An gina sashen Rio de Janeiro da na Patagoniya ne a Ajantina tare da wani iyali mai suna Martinez, aka kawo su Hamburg ta teku. Rio cike take da launi da jama'a, amma Patagoniya ce ta fi kama ni, domin maginan sun yi ƙarfin halin barin fili mai faɗi babu komai sai busasshiyar ciyawa da siririn dogo guda. Mafi yawanmu muna cika tebur da hanyoyi da gidaje saboda ƙarancin wuri, alhali fili ne yake sa jirgi ya yi kama da mai zuwa daga nesa.

Kafin in bar birnin na koma babbar tashar Hamburg, wadda aka buɗe a 1906, da niyyar ɗaukar hotunan aiki. Faɗin babban rufinta mita 73 ne, wato kimanin santimita 84 a ma'aunin H0, kuma gini irin wannan zai cinye shimfiɗin ɗaki gaba ɗaya. Don haka na bi jirgin unguwanni zuwa bayan gari, na sauka a wata ƙaramar tasha inda na hango wani tsohon ɗakin bulo a gefen dogo. Na ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe daga kan dandamali, na kuma ƙirga bulon da ke jere a faɗinsa da layukan da ke tsayinsa, saboda tsawon bulo ɗaya tare da simintinsa kimanin rubu'in mita ne, kuma da wannan ƙirgar ake fitar da girman gini ba tare da an auna shi da tef ba. A jikin kwalin da zan yanka, kowane bulo zai zama ƙasa da milimita uku, kuma layukan da ke kusa da ƙasa za su buƙaci fenti mai duhu fiye da na sama, domin danshi ya riga ya hau su.