Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana 11 ban ɗaga maɓoyarta ba

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya ne daidai inda Yaya ya gama ɗaure kayansa zai tafi karatu, ya bar min akwatin gilashinsa da abinda ke ciki bayan doguwar magiyar da aka sha kafin Umma ta amince. To yau daga nan zan ɗora, kuma kashin nan kusan gaba ɗayansa akan wata ukun farko ne da na yi ni kaɗai da Dunƙule, sbd a lokacin ne na kusa yi mata illa da hannuna ina ganin kamar kula da ita nake.

Ga waɗanda basu karanta na baya ba, Dunƙule ƙaramar mesa ce, irin wadda in ta tsorata take naɗe jikinta kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, daga nan ma sunan ya samo asali. Bata da dafi, kuma irinsu ko sun gama girma da wuya su wuce mita ɗaya da rabi. Asalinsu daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suke, a daji kuma rayuwarsu kusan duk a ɓoye ce, cikin ramin ɓera ko cikin suri, sai dare ya yi su fito neman abinci. Duk wannan Yaya ya faɗa min kafin ya tafi, na ji da kunnena, amma gani ya kori ji.

A cikin akwatin akwai maɓoya biyu, kamar ƙananan kwanuka da aka kife aka yanka musu ƙofa, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi, sai kwanon ruwa da wani reshe. Ranar da aka dawo da akwatin ɗakina ta shige ta ɓangaren ɗumi, shikenan. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. Ni kuma da kyanwa na saba, dabbar da in ta yini bata zo ta goga jikinta a ƙafarka ba ka san akwai matsala, dan haka a rana ta uku hankalina ya gama tashi, na buɗe murfin na ɗaga maɓoyar. Tana nan a naɗe, idonta a buɗe, ko motsi babu. Abinda ya ƙara rikita ni kenan, maciji bashi da fatar ido balle ya rufe, wata siririyar fata ce mai haske ta lulluɓe idon, to ko barci take ko ido biyu take ko ta mutu duk kamanni ɗaya ne a wurin wanda bai saba ba. Sai da na taɓa ta ta ƙara ƙanƙamewa sannan na samu natsuwa.

Natsuwar bata wuce awa uku ba. Daga ranar na mayar da abin al'ada, da safe in ɗaga, kafin in fita in ɗaga, ina dawowa ko jaka ban ajiye ba in ɗaga, da dare ma haka, wani lokacin in farka tsakar dare in haska tocilar waya a fuskarta dan kawai in ga harshen nan ya fito. Sau biyar sau shida a rana. Ta fara min huci, abinda Yaya ya ce bata taɓa masa ba, ni kuma na ɗauka rashin sabo ne, sai na ƙara yawan ɗaukarta wai dan ta saba dani.

Sai ta daina cin abinci. Duk kwana 10 ake bata ɓera ɗaya, irin wanda ake ajiyewa a firiza a narkar a ruwan ɗumi, na miƙa mata ta kau da kai, bayan kwana 10 haka, na uku ma haka. Ban faɗa wa Yaya ba, in ya kira sai in ce lafiya lau, tsoro nake kar ya ce na kasa riƙe amana. A karo na huɗu na ajiye mata ɓeran a bakin ƙofar maɓoya na kashe fitila na kwanta, da safe babu shi. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa, kuma daɗin ne ya ja ni na yi babban kuskuren, na ɗaga maɓoyar na ciro ta ina jujjuya ta dan in ga tudun cikin, har hoto na ɗauka zan tura masa. Da yamma ina shigowa ɗakin wani wari ya tare ni wanda har yau ban manta shi ba. Ta amayar da ɓeran gaba ɗayansa, ta koma can kusurwar sanyi ta lafe.

Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, sannan na kira shi na faɗa masa komai tun daga farko. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya min, "Sau nawa kike ɗaga maɓoyar a rana?" Na faɗa. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya katse, can ya ce, "Ƙanwata, a daji duk abinda ya ɗage rufin ramin maciji to mai cin sa ne. Sau shida a rana kike zuwar mata a matsayin mai cin ta, da wane kwanciyar hankali zata ci abinci?"

Na ce, "To Yaya ta yaya zan san tana raye in bana ganinta?"

Ya ce, "Akwatin zai faɗa miki. Ɗauko biro."

A daren nan muka fi awa ɗaya a waya. Ya min bayani cewa maciji ɗumin waje yake dogaro da shi wajen narkar da abinci, kuma in ya ji barazana da abinci a cikinsa sai ya amayar dan ya samu sauƙin gudu, shi yasa ba'a taɓa shi aƙalla awa 48 bayan ya ci. Aman kuma ba ƙaramin abu bane a wurinsu, ruwan cikin yana ƙona musu maƙogwaro, dan haka sai na jira sati biyu cif kafin in sake gwada mata, kuma da ƙaramin ɓera. Ya ce dabbar nan in aka riƙe ta da kyau tana kai shekara 20 zuwa 30, ina nake sauri. Daga baya ma na karanta labarin wata irinta a gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka, wadda a 2020 tana da kimanin shekara 62 ta saka ƙwai bakwai, na ce lallai akwai lokaci a gabanmu.

Tsarin da ya bani shi nake bi har yau. Kullum akwai dubawa, amma da ido ne kawai ba da hannu ba. Da safe in kalli ma'aunin zafi, ɓangaren ɗumi ya kasance wajen digiri 31 zuwa 32, na sanyi wajen 25 zuwa 26, danshin ciki kuma tsakanin kashi 55 zuwa 65. In canza ruwa, in taɓa makullin murfin in tabbatar ya kama da kyau sbd suna da ƙarfin ture murfi fiye da yadda mutum yake zato. Daga nan sai karatun alamomi, kuma nan ne abin ya fara min daɗi da gaske, domin ashe duk daren Allah tana bar min saƙo ban taɓa lura ba. Shimfiɗar ƙasan akwatin zaka ga layi a kai inda ta ja jiki ta wuce, ganyen roban da na jingina a gefe ya faɗi, ɗan datti ya shiga kwanon ruwa alamar ta sha ko ta ratsa ta ciki, jiya jelarta na leƙowa ta maɓoyar ɗumi yau kuma ta ta sanyi. Wani lokacin ka tarar da kashi da wani farin abu kamar alli a gefensa, wannan shine fitsarinsu. Da dare in an kashe fitila da kamar awa ɗaya, in na leƙa daga nesa cikin ɗan hasken da ke shigowa, sai in ga kanta a bakin ƙofar maɓoya, harshe na fita yana komawa. Na yi sati biyar ina ɗaga maɓoya ban taɓa ganin wannan ba, sai da na daina.

Ɗaga maɓoya da ɗaukarta a hannu kuma sau ɗaya ne a sati, minti biyar zuwa goma. Nan ne nake duba bakinta da hancinta ko akwai majina ko kumfa, in kasa kunne ko numfashin na fita da ƙara, in juya cikinta a hankali ko akwai ja ko ƙuna ko tabo, in duba ido da ƙarshen jela ko tsohuwar fata ta maƙale. Sau ɗaya a wata in ɗora ta a sikeli in rubuta nauyin a littafi, sbd irinsu sukan yi watanni basu ci ba kuma lafiyarsu ƙalau, nauyin ne zai nuna maka ko yajin cin na damuwa ne ko a'a.

Na ga masu cewa a ƙyale maciji kawai ko wata ɗaya ne, tunda ɓuya ɗabi'arsa ce. Gaskiya ni ban yarda da wannan ba. Dabba ce da bata kuka bata ɗingishi, ciwo zai iya cin ta a ƙarƙashin maɓoya ba wanda ya sani, kuma na'urar ɗumi in ta lalace tana iya ƙona mata ciki tana kwance a kai bata matsa ba. Ko masu riƙe irin waɗanda ke binne kansu cikin yashi su ɓace gaba ɗaya ya kamata lokaci lokaci su sa hannu a hankali su lalubo su su duba. Kuma duk ranar da na ji wari, ko na ga ta buɗe baki tana numfashi, ko ta yini cikin kwanon ruwa, ko ma'aunin zafi ya nuna abinda ba daidai ba, to ba zan tsaya jiran ranar sati ba, a take zan buɗe, in abin ya fi ƙarfina sai wurin likitan dabbobi.

Bayan sati biyun ta ci ƙaramin ɓeran, ya zauna. Ta ci na gaba ma. Ina murna komai ya daidaita sai jarrabawar gaske ta zo. Ranar dubawar sati na ga cikinta ya yi ɗan ja ja, launin jikin ya dushe kamar an barbaɗa mata toka, gabana ya faɗi na ɗauka ƙuna ce, na tura wa Yaya hoto. Ya ce saɓa zata yi, in mayar da ita in ɗaga danshi zuwa kashi 70, kar in sake taɓa ta kuma kar in bata abinci sai ta gama. Bayan kwana biyu na hango idonta ta ƙofar maɓoya ya koma shuɗi shuɗi kamar an zuba madara a ciki, a wannan lokacin bata gani sosai shi yasa suke ƙara tsoro. Daga ranar ta janye can ciki, ko kan ma ta daina leƙowa.

Babu layi a shimfiɗa, ganyen roba na tsaye inda na barshi, ruwa tas kamar yadda na zuba. Duk alamomin da na koyi karantawa suka ɗauke lokaci guda, ba abinda ya rage min sai lambobin ma'auni da kuma cewa babu wari. Dubawar sati ta zo ta wuce ban buɗe ba. A kwana na takwas Umma ta leƙo ɗakin, ita da bata ko son kallon wajen akwatin, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Wai abar nan taku tana nan da rai kuwa? Na ga kwana biyu ba kya cin abincin kirki." Na ce tana nan Umma, saɓa take. Ta ce, "To Allah ya fito da ita lafiya, ke kuma ki fito ki ci abinci." Bayan ta tafi na je har na ɗora hannu akan murfin, na daɗe a haka, sai warin ranar nan ya dawo min a hanci, na janye hannuna na fita.

Safiyar kwana na 11 ina buɗe ido na hango wani abu fari a naɗe jikin reshen. Saɓar ce, guda ɗaya ba yagewa, tun daga baki har ƙarshen jela, da na warware ta a hankali har 'yan marfin idon guda biyu suna nan a jiki. Ita kuma tana kwance rabin jikinta a waje akan maɓoyar ɗumi, launinta ya fito baƙi da ruwan zinare yana sheƙi kamar an shafa mata mai. Na sa hannu ta ƙasanta na ɗago ta, bata dunƙule ba, bata yi huci ba, ta zagaye wuyan hannuna tana fidda harshe. Na ɗora ta a sikeli, giram 840, ta ƙara akan na watan baya. Na kira Yaya ban ma duba ƙarfe nawa ne a wurinsu ba.

Saɓar tana nan har yau cikin littafin da nake rubuta nauyinta. Sati uku bayan nan ne ina zubar da ruwan kwanonta da safe na ga wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo a ƙasan kwanon kamar an watsa ƙasa, na sa yatsa na murje ɗaya sai ya bar jan tabo. In Allah ya kaimu mako mai zuwa daga nan zamu tashi.